Rasuwar Baba Tagulla, Ma'aunin Ruwan Sama na Fagge

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, tare da miƙa wuya ga hukuncin Mai Sama, Malam Toma na Sabon Gari da maiɗakinsa Rebeka, da amininsa Alhaji Gana na Fagge, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar tsohon abokin aikinsu, ma'aunin ruwan sama, wanda mutanen unguwa suka laƙaba wa suna Baba Tagulla. Ya cika ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a garkar bayan gidan Alhaji Gana, a tsaye a inda ya saba tsayuwa, bakinsa a buɗe yana duban sama. Ya rasu cikin bazarar bana ta 1958, bai ga ruwan farko ba.

Marigayin baƙo ne a ƙasar nan. An ƙera shi a Ingila, ya hau jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can ya biyo jirgin ƙasa cikin akwatin katako da aka cusa wa ciyawa. Tsayinsa bai wuce ƙugun mutum ba, jikinsa duk tagulla ne. Yana da mazurari a ka, inda ruwa ke shiga. A cikinsa akwai ɗan tulu da ruwan ke taruwa, da wani ɗan gwangwani mai iyo wanda ke ɗaga alƙalami in ruwa ya ƙaru, da agogo mai juya takarda a hankali dare da rana. In sama ta yi shiru, alƙalamin ya ja layi miƙaƙƙe a gindin takarda. In ta zubo, layin ya hau. In tulun ya cika, marigayin ya zubar da ruwan da kansa ta wani siririn bututu, ya koma ya fara sabon ƙirge. Bai iya wata magana ba sai uku: tak, tak na agogonsa, da ƙwat, ƙwat in ruwa na gangarawa maƙogwaronsa, da shaaa in ya juye abin da ya tara, kamar mai ajiyar zuciya.

Ya fara aiki a gonar gwaji ta gwamnati da ke bayan gari, kuma a can suka haɗu da Malam Toma, malamin awon yanayi, ɗan manoma daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau. Sun yi shekara da shekaru tare. Da aka kawo sabon ma'auni a 1951, aka ce a jefa tsohon a ɗakin tarkace. Malam Toma ya roƙa a bar masa shi. Aka yarda, da sharaɗin ya kafa shi a cikin gari ya riƙa aiko da awon, don a gwada ruwan gari da na gona.

Gidan hayarsa na Sabon Gari bai dace ba. Tsakar gidan ƙunci gare ta, rufin kwano ta kowane gefe, ga igiyoyin shanya. Alhaji Gana, wanda ke sayen gyaɗa, wanda kuma ya daɗe yana tare Malam Toma a hanya yana tambayarsa labarin damina, shi ya ce a kawo shi garkarsa ta wajen Kwaciri. Fili ne mai faɗi, da rijiya a kusurwa, ba bishiya kusa. Tun daga ranar, kowace safiya kafin ya wuce aiki, Malam Toma kan tuƙo kekensa daga Sabon Gari ya duba marigayin, ya share masa mazurari, ya ɗiga masa tawada. Ranar Asabar kuwa ya murɗa wa agogon makulli, ya sauya takarda, sannan ya soka wani dogon ƙarfe mai murɗi a ƙasa kusa da shi, ya zaro ƙasa daga zurfi daban-daban. Ya zuba a gwangwanaye, ya auna a sikeli, ya gasa a tanda, ya sake aunawa. Abin da ya ragu na nauyi, shi ne danshin da ƙasa ta ɓoye wa shuka.

Can a babban ofis akwai wani Bature mai bincike wanda bai taɓa taka Fagge ba. Aikinsa tara awon garuruwa na shekaru masu yawa, ya jera su, ya haɗa abin da sama ta bayar da abin da ƙasa ta riƙe, yana neman ya gano ko fari yana da lokacin dawowarsa kamar yadda kasuwa ke da ranar cinta. Sauran ma'aikata sun ɗauki abin aikin gwamnati kawai. Malam Toma bai ɗauke shi haka ba. Yana ƙarami aka yi yunwar Kakalaba. Ya ga mahaifiyarsa tana haƙa gidan tururuwa tana tsintar ƙwayar gero, ya ga ƙauyensu ya ragu gida-gida har ba a jin sautin turmi. Bai taɓa yarda cewa abin ya tafi ke nan ba. A ganinsa ya dai koma wani wuri ne ya zauna, kuma in akwai mai jin takunsa tun daga nesa, to marigayin ne.

Shekarun nan kuwa na ruwa ne, kowa shaida ne. Dalar gyaɗa ta tashi a bakin tashar jirgi, an sare daji an ƙara gonaki. In Malam Toma ya ce ruwa na zuwa da yawa amma bai gamsu da yadda ƙasa ke riƙe shi ba, sai a yi masa dariyar ƙauna a ce shi dai ko cikin ambaliya zai tuna da ƙishirwa. Ya yi murmushi, ya hau kekensa.

Masu makoki suna shaida cewa marigayin mai gaskiya ne. Bai taɓa ƙara ko ɗigo ɗaya don ya faranta wa mai gona ba, bai kuma rage ba don 'yan kasuwa su tsauwala farashi. Mai haƙuri ne: rana ta gasa shi, ƙanƙara ta taɓa lotsa masa baki, akuya ta soshi jikinta da shi, bai yi ƙorafi ba. Ba ya nuna bambanci. Ruwan da ya sauka ranar Juma'a da wanda ya sauka ranar Lahadi, mudu ɗaya yake auna su. A watan Mayu na 1953, da gari ya rikice aka raba Fagge da Sabon Gari da 'yan sanda a tsakani, Malam Toma ya kasa ƙetarowa. Yana zaune a ɗaki da iyalinsa a bayan ƙofa a kulle, abin da ke ransa har da agogon da zai tsaya. Da ƙura ta lafa ya zo, tun daga bakin garka ya jiyo tak, tak. Alhaji Gana na tsaye a gefe da makullin a hannu.

Ya ce, "Malam Toma, ban san yadda ake sauya masa takarda ba. Amma ban bar shi ya tsaya ba."

Ba su ƙara wata magana a kan kwanakin nan ba, har yau.

Rashin lafiyar marigayin ya fara ne cikin ranin da ya wuce, bayan an gama kaka. Wata safiya Malam Toma ya buɗe murfi ya ga layin ya ɗan hau, kamar matakala guda. Ya ɗaga kai. Sama tas, ko ɗigon gajimare babu, kuma rabon gari da ruwa tun watan Oktoba. Ya ce ƙila kyanwa ce ta girgiza shi. Washegari ya tarar da wata matakalar a kan ta jiya. Ya buɗe tulun, ga ruwa a ciki, na gaske, mai sanyi.

Abin ya tsaya masa a rai. Ya zargi masu wasa a unguwa, amma katangar garka doguwa ce, ƙofarta kuma ta cikin gida take. Ya kwance agogon da alƙalamin ya kai wa Celestine, mai gyaran agogo a kasuwar Sabon Gari, ya duba ya ce lafiyarsu ƙalau. Ya mayar ya ɗaura, layin ya ci gaba da hawa kowace safiya. Malam Toma mutum ne mai zuwa coci, ba ya sauraron labaran iskoki, amma ya fara rama. Rebeka ta lura yana barin tuwo a kwano. Abin da ya fi damunsa, wanda bai faɗa wa kowa ba sai ita, shi ne ruwan da ke kan takardar bai wuce irin yayyafin da aka riƙa yi a shekarar yunwa ba, wanda ke jiƙa saman ƙasa ya yaudari mutane su zuba irinsu, sannan ya ɗauke.

Ran nan ya yi sammako fiye da yadda ya saba, ya iso ana fitowa daga sallar asuba. Ya jingina keke a zaure, ya yi sallama, ya wuce garka. Gari ya fara haske. Sai ya ji ƙwat, ƙwat.

Wata tsohuwa ce a durƙushe gaban marigayin, ta tallafe mazurarin da hannun hagu kamar mai tallafe ƙeyar jariri, tana tsiyaya masa ruwa daga buta kaɗan-kaɗan. Mahaifiyar Alhaji Gana ce, Ya Huseina, kamar yadda Barebari ke kiran uwa. Tsufa ya fara taɓa mata tunani tun bara, ba ta cika fitowa daga ɗakinta ba.

Malam Toma ya rusuna ya ce, "Inna, ina kwana. Me ake yi haka?"

Ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Yaron nan tun damina ba wanda ya ba shi ruwa. Kullum bakinsa a buɗe, ku ba ku gani? Saurara, yana haɗiya."

Ya ce, "Inna, ai ƙarfe ne."

Sai ta juyo ta dube shi, idonta tar, ba alamar ruɗewa. Ta ce, "Haka suka ce mini a hanya, wai ya riga ya sandare. To me ya sa bakinsa ke buɗe?"

Ta ƙarasa juye butar, ta goge bakin mazurarin da gefen zaninta, ta miƙe da ƙyar ta koma ciki.

A zaure Alhaji Gana ya ba shi labarin, kansa a ƙasa. Su mutanen ƙasar Barno ne. A shekarar Kakalaba suka taso da ƙafa suka nufo Kano, shi yana tafe riƙe da zanin uwarsa, ƙanensa Modu yana goye. Rijiyoyin hanya duk sun ƙafe, nono ya ɗauke. Kafin su kai rijiya mai ruwa Modu ya cika a bayanta. Ta ƙi yarda. Da suka isa ta kwanto shi ta riƙa zuba masa ruwa a baki yana gangarowa ta gefe, har sai da maza suka karɓe shi suka binne a gindin wata aduwa. Fiye da shekara arba'in ba ta ambaci sunansa ba, kuma ba a yi wa kowa suna Modu a gidan ba.

Alhaji ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Yau ɗin nan zan sa a rufe garkar."

Aka kafa ƙyaure aka sa kwaɗo. Layin ya koma miƙaƙƙe, yadda ya kamata a rani. Amma Ya Huseina ta ɗauko tabarmarta ta shimfiɗa a bakin ƙyauren, buta a cinya, ta zauna. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta dai daina shan ruwa. Matan gida suka kawo mata kunu ta kau da kai, suka kawo fura ta ture. In aka matsa mata sai ta ce ba za ta sha ba ƙaramin bai sha ba. Daga inda take zaune ana jiyo tak, tak ta cikin ƙyaure, tana gyaɗa kai tare da shi. Kowace safiya Malam Toma sai ya raɓa ta gefenta kafin ya shiga, ya gaishe ta, ba ta amsawa. Leɓɓanta suka tsattsage.

Malam Toma ya kai maganar gida. Ya bayyana wa Rebeka cewa awon da aka zuba wa ruwan buta ba awo ba ne, kuma binciken nan ba don kansa yake yi ba, don jikokin kowa ne. Rebeka na tsintar shinkafa, ta saurare shi har ya gama.

Ta ce, "Baban Dina, ni ban san aikinku ba. Amma jikokin nan ba a haife su ba tukuna, ita kuwa tsohuwar tana can a kan tabarma."

Washegari ya karɓi makullin daga hannun Alhaji Gana, ya buɗe kwaɗon da kansa, ya ture ƙyauren, ya koma gefe. Ya Huseina ta shiga tana dafa bango. Ta ja guga a rijiya, ta cika buta, ta ba marigayin. Da ta ji ƙwat, ƙwat, sai ta kai butar bakinta ta shanye sauran.

Malam Toma bai ɓoye wa ofis ba. Ya sanar da su abin da ke faruwa, ya roƙa a jingine awon ranin bana kawai. Amsar ta zo a taƙaice: tun da ba wanda zai iya rantsewa a kan ranar da tsohuwar ta fara, an cire Fagge daga binciken gaba ɗaya, har da shekarun baya. Aikin shekara bakwai ke nan. Bai ce zalunci aka yi masa ba, don ya san shi ma da haka zai yanke. Amma bai fasa zuwa kowace safiya ba, bai fasa soka ƙarfensa ranar Asabar ba, ko da yake babu sauran mai jiran sakamakon.

Ruwan rijiyar garka zartsi ne, marigayin kuwa ruwan sama kaɗai cikinsa ya sani. Sannu a hankali jikinsa ya fara kore, farin gishiri ya taru a maƙogwaronsa, bututun ya riƙa toshewa. Shaaa ɗinsa ya koma kamar tarin tsoho. Rebeka ta riƙa aiko da ruwan famfo a kwalba daga Sabon Gari, amma Ya Huseina ba ta yarda da ruwan da ba ita ta jawo da hannunta ba. Aka ɗauko Celestine ya zo har garka, ya leƙa ciki, ya girgiza kai.

Ya ce, "Malam, ruwan nan ne ke cinsa. In ba a daina ba, ba zai kai damina ba."

Malam Toma ya ce, "Na sani. Gyara abin da za ka iya."

Celestine ya liƙe wa marigayin gindi da dalma, ya riƙe na ɗan lokaci, ya sake fara yoyo. Marigayin ya jure wannan jinya ba tare da ya ƙi karɓar ko buta ɗaya ba. Masu makoki suna ganin a duk halayensa na kirki babu wanda ya kai wannan. Ya Huseina kuwa ta murmure, ta koma cin abinci, har ana jin ta tana yi masa waƙar raino da harshensu.

Da zafi ya tsananta a watan jiya, Allah ya karɓi ranta, ta cika cikin barcin rana. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Malam Toma ya zauna a zaure tare da masu karɓar gaisuwa har aka tashi. Alhaji Gana ya mayar da kwaɗo a ƙyauren garka, ya sa makullin a aljihu. Malam Toma ya wanke marigayin ciki da waje da ruwan famfo, ya bushe shi, ya sa masa sabuwar takarda, yana fatan ya lallaɓa ya kai damina.

Washegarin sadakar uku ya zo, Alhaji ya buɗe masa. Ya ɗaga murfi. Layin ya hau matakala guda, sannan ya gangaro a hankali saboda yoyon. Ya durƙusa ya danna babban yatsansa a ƙasar da ke gindin marigayin. A jiƙe take. Butar tsohuwa tana rataye a ɗakinta, aka ɗauko, ƙurar kwana uku a bakinta.

Alhaji Gana ya ce, "Ni dai ban shiga ba."

Malam Toma ya ce, "Ban tambaye ka ba, Alhaji."

Abin ya sake faruwa, ba kullum ba, amma ya faru. Celestine ya ce zafin rana na sa ƙarfe ya motsa, alƙalami ya yi tsalle. Da aka tambaye shi jiƙar ƙasa, sai ya ce shi agogo ya koya. Malam Toma bai binciki kowa a gidan ba, bai kuma sake yin sammako ba. Ya ce wa Rebeka ya taɓa yi sau ɗaya, ya ga abin da ya gani, ya isa. Amma tun daga nan yakan ji ƙwat, ƙwat a inda bai kamata ba: a coci ana tsakiyar waƙa, a kan keke wajen Kasuwar Singa, a gonar gwaji yana tsaye gaban sabon ma'auni wanda cikinsa a bushe yake.

Ruwan bana kuma ya yi jinkiri. Hadari kan haɗu ta gabas, ya yi baƙi, iska ta taso, mata su kwashe shanya, sai ya watse. Waɗanda suka yi binne, suka zuba iri a busasshiyar ƙasa, suna zuba ido. Mutane na cewa jinkiri ne kawai, an sha ganin haka, kuma ƙila gaskiyarsu ne. Malam Toma ba ya musu.

Ranar Talata yana tsaye kusa da marigayin da kwalbar tawada a hannu, sai ya ji tak, tak ɗin ya fara ja da baya, ana ɗaya a daɗe kafin ɗaya. Ya murɗa makulli, makullin ya juya a banza. Daga nan marigayin ya yi shaaa, doguwa, alhali babu ko ɗigo a cikinsa. Ya yi shiru. Da aka buɗe aka tarar gindin tulun ya rabe biyu, gwangwanin ya nutse, alƙalamin ya kwanta a ƙasan takarda. Malam Toma ya cire hularsa, ya daɗe a tsaye, sannan ya rufe masa baki da ita ya je ya faɗa wa Alhaji.

Marigayin ya rasu ya bar Malam Toma da Rebeka da 'yarsu Dina, da Alhaji Gana da iyalinsa. Ya bar ƙannensa na aiki: sikeli, wanda yanzu ba shi da wanda zai gwada awonsa da nasa, da ma'aunin zafi da ke rataye a inuwar katanga, da dogon ƙarfen huda ƙasa, da gwangwanaye masu yawa. Ya bar magajinsa a gonar gwaji, matashi mai ƙyalli, wanda bai san kowa a gari ba. Ya bar takardun shekara bakwai a ɗaure cikin akwati a ƙarƙashin gadon Malam Toma, marayu, ba mai nemansu. Ya bar kadangaren da ya saba shan hantsi a kansa, wanda har jiya an gan shi yana hawa yana sauka.

Ana karɓar gaisuwa a zauren Alhaji Gana a Fagge da safe, da kuma gidan Malam Toma a Sabon Gari da yamma. Masu makoki suna godiya ga Hambali maƙeri, wanda ya nemi a ba shi gawar ya narke ya yi munduwa, ya kuma fahimta da aka ce a'a. An tuntuɓi fasto, an tuntuɓi liman, kowannensu ya ce ba a yi wa ƙarfe addu'a, kuma masu makoki sun yarda da haka. Dukansu biyu sun ce za su zo a matsayin maƙwabta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a cikin garkar, a daidai inda ya tsaya. Celestine zai cire agogon ya naɗe shi daban. Matan gidan Alhaji sun ba da zanin da za a rufe shi da shi. Malam Toma da Alhaji Gana ne za su saka shi da hannunsu.

Game da kabari, Malam Toma ya nemi alfarma ɗaya, Alhaji kuma ya amince: ba za a kwantar da marigayin a busasshiyar ƙasa ba. Za a yi ta haƙa har sai an tarar da danshi, a nan za a ajiye shi. Bara a irin wannan wata ana samun danshi a kamu biyu. Asabar da ta wuce ƙarfen ya nutse har iyakar tsawonsa, ya fito a bushe. Saboda haka ana roƙon masu zuwa su taho da dagi da kwando, kuma kowa ya faɗa wa iyalinsa kada a zauna jiransa.